Kwana 98 a kan shadda yadi goma: abin da na gani bayan na kai yaron shagona ƙara

Ni tela ne, ina da shagon ɗinki a cikin birnin Kano, kuma na daɗe ina yaye yara a kan keke kafin abin da zan ba da labarinsa ya same ni. Na ga ya dace in rubuta shi ne saboda masu sana'a irina, waɗanda zafin rai zai iya kai su ofishin 'yan sanda da niyyar a ɗan ja wa yaro kunne, ba su san cewa da zarar magana ta shiga takarda ta bar hannun wanda ya kawo ta ba.

A watan Maris na 2021, saura ƙasa da wata guda a ɗauki azumi, wani tsohon abokin cinikina ya kawo shadda yadi goma da ya saya Naira 60,000, yana so a yi masa babbar riga da 'yar ciki da wando tun kafin cunkoson ɗinkin Sallah ya kankama. Ranar Alhamis 18 ga wata na buɗe durowa domin in yanka, na tarar babu ita. Yara huɗu ne a shagon, amma ɗaya ne yake kwana a ciki, ɗan shekara 19 wanda ya shekara biyu a hannuna. Kafin la'asar ya amsa cewa shi ya ɗauka, ya sayar da ita Naira 25,000, ya sayi waya ta hannu da kuɗin. Ba ciwo ne ya tilasta masa ba, ba yunwa ba, waya kawai yake so irin ta abokansa, kuma ina ganin wannan ne ya fi ƙona mini rai. Maƙwabta suka taru a bakin shago, wani matashi har ya fara neman sanda, sai wani dattijo mai sayar da zare ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka kai maganar nan gaban mai unguwa, a kira iyayensa, a tsara yadda za a biya." Na ce masa ni ba biya nake nema ba, so nake ya ji a jikinsa. Abin da nake nufi a zuciyata shi ne ya kwana biyu a bayan kanta, ya fito ya hankalta.

Mun isa ofishin 'yan sanda gab da magariba. A kanta aka rubuta sunana da abin da ya kawo ni, aka karɓi bel da takalmin yaron, aka shigar da shi ciki, ni kuma aka haɗa ni da ɗan sanda mai bincike wanda ya ɗauki bayanina a rubuce, ya karanta mini, na sa hannu. An nemi in ba da Naira 2,000 kuɗin takarda da fayil, washegari kuma Naira 3,000 kuɗin mai domin a je neman wanda ya sayi shaddar, duk babu rasit, kuma ban tambayi rasit ba domin a lokacin ina ganin aikina ake yi. Ba a sami mai sayen ba, wayar ce kawai aka karɓa aka ajiye a matsayin shaida. Ranar Juma'a mahaifiyar yaron ta zo da ƙaninta, na gan su zaune a benci ƙarƙashin wata sanarwa da aka liƙa a bango mai cewa beli kyauta ne, daga baya kawun ya faɗa mini cewa an nemi Naira 10,000 a wurinsu ba su da ita. A ranar ne mai binciken ya yi mini tambayar da ta fi kowace muhimmanci a duk wannan tafiya, ya ce, "Za ku sasanta ne a nan, ko kotu kake so?" Uwar tana kallona, na ce kotu. Daga baya na san cewa sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a gabatar da wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko cikin kwana biyu idan babu. Yaron ya kwana biyar a can, domin Asabar da Lahadi sun shiga tsakani, Litinin kuma aka ce ba a gama haɗa takardu ba.

Ranar Talata 23 ga Maris aka kai shi kotun majistare. An ce mini in zo ƙarfe takwas, na zo, alƙali bai zauna ba sai wajen goma da rabi, kuma ba a kira tamu ba sai bayan an yi ƙararraki fiye da goma. Magatakarda ya karanta rahoton farko na 'yan sanda, ya fassara da Hausa, ana tuhumar yaron da cin amana a ƙarƙashin sashe na 312 na kundin dokar laifuka da ake kira Final Kod, wanda hukuncinsa zai iya kaiwa ɗaurin shekara bakwai. Aka tambaye shi ko ya aikata, sai na ji ya ce bai aikata ba. Na yi mamaki ƙwarai, domin a gabana ya amsa, a gaban 'yan sanda ma ya amsa. Sai daga baya ya gaya mini cewa wani da suka kwana tare a sel ne ya ce masa duk wanda ya amsa laifi shekara bakwai ɗin za a ɗora masa cur. Babu lauya a gefensa da zai fahimtar da shi cewa wannan adadi iyakar hukunci ne, kuma mai laifin farko da ya amsa yakan sami sassauci. Alƙali ya ba da beli a kan Naira 100,000 da mutum biyu masu tsaya masa, ɗayansu ma'aikacin gwamnati, ya ɗage zama zuwa 8 ga Afrilu. Duk abin bai kai minti goma ba.

A nan danginsa suka yi kuskuren da mutane da yawa suke yi, kuma ya kamata mai karatu ya kiyaye shi. Da suka ji Naira 100,000 sai gwiwarsu ta yi sanyi, suka ɗauka tsabar kuɗi za a ajiye a kan tebur. Ba haka ba ne. A irin wannan beli, mai tsayawa alkawari yake sa wa hannu cewa idan wanda ake tuhuma ya gudu, shi za a bi wannan kuɗi. Abin da ake nema a wurinsa shi ne katin shaida, hotuna, takardar shaidar aiki idan an gindaya ta, da adireshin da ma'aikacin kotu zai je ya gani da idonsa. Babu wanda ya yi musu wannan bayani a ranar, sai wasu mutane masu shawagi a harabar kotu da suka ce za su tsaya masa idan an ba su wani abu. Da azahar aka saka shi a mota tare da wasu zuwa gidan gyaran hali. Yana hawa ya waiwayo ya ce, "Maigida, don Allah." Na juya na nufi inda na ajiye babur.

Ranar 8 ga Afrilu na rufe shago na tafi kotu domin in ba da shaida, na tarar da ƙofa a garƙame da kwaɗo. Ma'aikatan shari'a na ƙasa baki ɗaya sun shiga yajin aiki tun ranar 6 ga wata, suna neman a bar ɓangaren shari'a ya riƙa sarrafa kuɗinsa da kansa kamar yadda tsarin mulki ya tanada. Ba ni da ja a kan buƙatarsu, amma abin da ya biyo baya a wajenmu shi ne, a daidai lokacin da kawun yaron ya fahimci ma'anar belin, har ya samo wani malamin firamare da ya yarda zai tsaya, babu magatakarda da zai karɓi takardu, babu alƙalin da zai sa hannu. Aka ɗauki azumi ranar 13 ga Afrilu yana ciki.

Abu biyu ne suka karya mini zuciya a cikin azumin nan. Na riga na biya mai shaddar kuɗinsa a kashi biyu, da ya zo karɓar cikon sai ya tambaye ni labarin yaron, na ce yana can. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Har yanzu? Ai ni da nake da kayan ban so a kai nan ba." Bayan kwana kaɗan kuma na kai maganar wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa, ina neman ya ce mini na yi daidai. Bai ce na yi daidai ba, bai kuma ce na yi kuskure ba, sai ya ba ni labarin Safwanu ɗan Umayya, wanda aka sace wa mayafi yana barci a masallaci, ya kama ɓarawon ya kai shi gaban Manzon Allah (SAW), da ya ji hukuncin da za a zartar sai ya ce ya yafe, aka ce masa me ya hana shi yafewa tun kafin ya kawo shi. Malam ya ce wannan ya nuna afuwa tana da lokacinta, kuma lokacin nan yana gaban ƙofar hukuma ne. Ya kuma karanta mini ayar da ke cikin Suratus Shura, wadda ta ce sakamakon cuta shi ne cuta daidai da ita, wanda kuwa ya yafe ya gyara, ladansa yana wurin Allah. Kalmar "daidai da ita" ce ta tsaya mini a rai, domin a ranar yaron ya haura wata guda a tsare.

Na je ziyara a mako na uku na azumi. Ana nuna katin shaida a ƙofa, a rubuta sunanka da na wanda ka zo gani, a karɓi wayarka, a caje ka, abincin da ka kawo kuma sai an bincike shi. Na jira kusan awa biyu a rana tare da mata masu goyo da tsofaffi riƙe da kwanuka, sannan aka ba mu 'yan mintuna ta bayan waya mai raga. Ya rame, ƙazuwa ta feso masa a hannuwa da wuya. Ya ce a ɗakinsu kwanciyar gefe ake yi domin babu wurin da mutum zai miƙe a bayansa, kuma a cikinsu akwai waɗanda ake tuhuma da fashi da makami, akwai wanda ya shekara huɗu ba a gama shari'arsa ba. Bai yi kuka ba, bai ma roƙe ni ba wannan karon, tambayata kawai ya yi ko an sami aikin Sallah da yawa, da wanda yake zama a kan kekensa. Tun 2019 doka ta sauya wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali, amma kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke cikinsu a Najeriya jiran shari'a suke yi, wato mutanen da sashe na 36 na tsarin mulki yake ɗauka a matsayin marasa laifi har sai kotu ta tabbatar. Ban san wane hali ake gyara wa wanda ba a riga an ce ya yi laifi ba.

Daga can na zarce ofishin 'yan sandan na ce na janye ƙara, aka ce mini magana ta bar hannunsu tun ranar da aka kai ta kotu. Na nemo ɗan sanda mai gabatar da ƙara, ya ce shi ma babu abin da zai iya sai kotu ta buɗe. Wani maƙwabcina ne ya nuna mini hanyar hukumar tallafin shari'a ta tarayya, wadda aka fi sani da Legal Aid, an kafa ta tun 1976 domin ta ba marasa ƙarfi lauya kyauta, kuma ni da na girma a garin nan ban taɓa jin labarinta ba. Wata lauya matashiya ta saurare ni, ba ta karɓi ko sisi ba, ta yi mini bayanin da ya kamata in ji tun ranar farko. Ta ce, "Malam, a shari'ar laifi gwamnati ce mai ƙara, kai shaida ne." Ta ce akwai laifukan da doka ta yarda a yi sulhu a kansu, irin namu yana ciki, amma sai da amincewar alƙali, kuma bayan wannan hanya Antoni Janar na jiha yana da ikon dakatar da tuhuma, a ƙarƙashin sashe na 211. Ta ƙara da cewa tsarin mulki ya ce wanda ya yi wata biyu a tsare ba a yi masa shari'a ba a sake shi, ko da bisa sharaɗi ne, sai dai wannan haƙƙi ma a gaban kotu ake nemansa, kotun kuwa a rufe take. Ta ba ni shawarar in shirya komai in jira.

Abin da na shirya shi ne wasiƙa zuwa ga kotu mai bayyana cewa na yafe kuma ina neman a amince da sulhu, da kwafin katin shaidata, da takardar yarjejeniya tsakanina da dangin yaron. Wannan yarjejeniya a zauren mai unguwa aka rubuta ta, zauren da na ƙi zuwa wata biyu kafin nan. Da na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, na zo a gyara," bai tuna mini da komai ba, ya sa aka kira kawun da limamin unguwa. Cikin ƙasa da awa guda aka daidaita cewa na yafe rabin kuɗin, yaron zai biya Naira 30,000 a hankali, Naira 5,000 duk wata, kowa ya sa hannu. Aka yi Sallah ranar 13 ga Mayu, na aika masa da tuwo da sabuwar riga ta hannun mahaifiyarsa, ban iya zuwa da kaina ba.

An buɗe kotuna ranar Litinin 14 ga Yuni, bayan sama da wata biyu. Cunkoson ranar ya wuce misali, domin duk ƙararrakin da ranakunsu suka wuce sai an sake ba su rana. Na yi zirga-zirga sau uku kafin a gano fayil ɗinmu, na yi takardar rantsuwa a rajista na biya Naira 1,500, wannan karon da rasit, aka sa mana 24 ga Yuni. Lauyar ta ja kunnena a kan wani abu da ba kowa ya sani ba, wato gandirobobi ba za su kawo mutum kotu ba sai an kai musu takardar umarnin fito da shi mai ɗauke da sa hannun alƙali, kuma sau da yawa zama yakan lalace ne kawai domin wannan takarda ba ta isa ba. Na bi ta da ƙafata har na tabbatar an kai. A ranar motar ba ta iso ba sai wajen sha biyu. Alƙali ya sa na tsaya, ya tambaye ni ko wani ya tilasta mini ko ya yi mini barazana, na ce a'a, ya karanta yarjejeniyar, ya tambayi mai gabatar da ƙara ko yana da suka, ya ce babu. Ya yi wa yaron nasiha ta 'yan mintuna, ya sallame shi. Na ɗauka a nan za mu tafi da shi, ashe sai an mayar da shi gidan gyaran hali an cike takardun saki. Ya fito bayan la'asar sakaliya, kwana 98 daga ranar da na riƙo hannunsa na kai shi kanta.

Da na zauna na yi lissafi, ban da kuɗin shaddar, na kashe sama da Naira 40,000 a kan mai, takardu, abinci, sabulu da maganin ƙazuwa, ba a maganar ranakun da na rufe shago a tsakiyar kakar ɗinki. Amma lissafin da ya fi damuna ba na kuɗi ba ne. Har gobe ina kan bakana cewa yaron ya ci amana, kuma ban yarda da masu cewa a kawar da kai daga laifi ba, domin shagon da ba a hukunta ɓarawo a cikinsa babu mai kawo masa kaya. Sai dai hukunci yana da ma'auni, kuma ya kamata ya zo bayan wani ya saurara ya auna. Wannan kwana 98 babu wanda ya yanke su. Alƙali bai yanke ba, dokar Final Kod ba ta yanke ba, ni ma kwana biyu na yi nufi. Fushina ne, da rashin sanin danginsa, da rashin ma'aikacin gwamnati a zuriyarsu, da kwaɗon da ke ƙofar kotu suka haɗu suka yanke masa. Da ɗan wani mai hali ne ya ɗauki shaddar nan, da bai kwana ko ɗaya ba. Na sake tuna wannan a watan Nuwamba na 2023, lokacin da ma'aikatar harkokin cikin gida ta sanar da sakin fursunoni 4,068 bayan an biya musu tarar da ta kai Naira miliyan 585, wanda idan aka raba bai wuce Naira 144,000 a kan kowane mutum ba. Dokar 2019 ɗin nan ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki, kuma ina ganin da an sa yaron sharar asibiti na wata guda yana kwana a gidansu, da ya fi jin kunyar da nake so ya ji. Akwai kuma nawa kason, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari: Naira 300 nake ba shi a rana, ya shekara biyu yana yi mini aiki har dare, ban taɓa zama na tambaye shi abin da yake buƙata ba.

Ga wanda ya sami kansa a matsayina, shawarata ita ce ya kwana da fushinsa kafin ya ɗauki mataki, ya fara da mai unguwa ko dattawan sana'arsa, a rubuta yarjejeniya da shaidu, domin wannan ba ya hana shi zuwa hukuma daga baya idan an saɓa. Idan har an je wurin 'yan sanda kuma aka tambaye shi sulhu ko kotu, ya sani cewa wannan ce dama ta ƙarshe da maganar take hannunsa. Laifi mai girma irin na jini ko fyaɗe ko fashi daban ne, wannan ba na zaure ba ne, kuma ba shi nake nufi ba. Ga dangin wanda aka kama kuwa, su nemi lauya tun kafin a karanta tuhuma, ko da na tallafi ne, su tambayi magatakarda ma'anar kowane sharaɗin beli kafin su bar harabar kotu, su sani cewa idan sharaɗin ya fi ƙarfinsu ana iya roƙon kotu ta sassauta shi, su nemi rasit a kan duk abin da suka biya, su rubuta lambar ƙara da ranar zama, su kuma bi takardar fito da mutum da kansu.

Yaron bai dawo shagona ba, ko da yake na aika masa cewa kekensa yana nan. Ya koma wurin wani tela a wata unguwa. Ya biya Naira 30,000 ɗin cikin wata bakwai, kawunsa ne yake kawowa, sai biyan ƙarshe da ya kawo da kansa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya gaishe ni, ya miƙo kuɗin da hannu biyu, na ce ya shigo ya sha ruwa, ya ce sauri yake yi.